Sayen ɗan wasa da tsarin tsaro a ƙwallon Amurka

Tun shekarar 2022, lokacin da hukumar NFL ta buɗe sansanin gwaji a Akara, babban birnin Gana, bisa jagorancin Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasa mai asali da Nijeriya, ƙwallon Amurka ta shiga neman majiya ƙarfi a nahiyar Afirka. Samarin da ake nema, masu faɗin ƙirji da ƙarfin kafaɗa, irinsu ne ake gani a filin kokowa na Magariya ko Dungas bayan kaka. Saboda haka ya kyautu mai karatu ya san cewa a wannan wasa ƙarfi kaɗai ba ya tsayar da mutum, sai ya dace da tsarin da mai horarwa ya shimfiɗa.

Kowane ɓangare yana da mutum 11. Masu tsaro na sahun gaba su ne ke haɗa ƙirji da abokan karawa, kamar ƴan kokowa. Tsari biyu ne suka shahara. A na farko, wato 4-3, mutum huɗu ne a gaba, uku a bayansu, kowa yana kutsawa ta kafa guda domin ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ya jefa. A na biyu, wato 3-4, uku ne a gaba, kuma aikin na tsakiya shi ne ya riƙe mutum biyu, ya sha matsa, na baya su samu hanya. Wahala tasa, suna na wani.

A 2009 ƙungiyar Washinton ta ɗauki Albert Haynesworth daga Tennessee a kan dala miliyan 100 na shekara bakwai, kimanin miliyar 50 na sefa a lokacin, miliyan 41 daga ciki tabbatattu ne ko ya yi wasa ko bai yi ba. Kutsawa cikin tsarin 4-3 ita ta fito da sunansa, don ita kuma aka saye shi. Shekara guda bayan haka aka naɗa Mike Shanahan mai horarwa, ya mai da tsaro 3-4, aka nemi Haynesworth ya koma tsakiya. Ya karɓi ladan dala miliyan 21, amma ya ƙi aikin. A watan Disamba 2010 aka dakatar da shi, a 2011 aka miƙa shi ga New England a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasa 20 ya yi wa Washinton. Laifin ɗan wasan a fili yake, sai dai shugabannin da suka zuba dukiya a kan tsari guda, sa'an nan suka kawo mai rushe shi, su ma ba su wanku ba.

Haka ta faru a Buffalo, inda ba a zargi kowa da lalaci tun farko ba. Sun ɗauki Mario Williams a 2012, kuma a 2014, ƙarƙashin Jim Schwartz da sahun mutum huɗu, ƙungiyar ta kayar da mai jefa ƙwallo sau 54, fiye da kowa a gasar. Da Rex Ryan ya zo a 2015, ya riƙa ja da Williams baya yana gadin masu karɓar ƙwallo, aikin da ba don shi aka biya shi ba. Adadin ƙungiyar ya faɗo zuwa 21, na Williams zuwa 5, kuma a watan Maris 2016 aka sallame shi.