Bulala ba ta koya wa yaro saka wando

Rubutun wannan makon a kan yaran da ake ɓoyewa a cikin gida ne.

A Kinkinau da Unguwar Mu'azu, kamar ko'ina, akwai yaron da ya kai shekara bakwai bai iya tsarki ba, bai iya saka kaya ba, wani ma ba ya magana. Wasu su ce aljanu ne, wasu su ce sangarta ce, sai a haɗa shi da bulala. Alhali sau da yawa lalurar otizim ce, wadda wasu ke kira galahanga, ko jinkirin fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim.

Ni a ganina, abin da yaran nan suka fi buƙata shi ne horon ɗabi'a irin na masana, kuma asalinsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamin Islamiyya ba ya koyar da alwala a dunƙule, gaɓa-gaɓa yake bi. Haka ake yi a nan. Uwa ta saka wa yaro wando har cinya, ta bar masa ja na ƙarshe. Da ya ja, nan take ta yaba masa, ta tafa ko ta ba shi dabino. Idan ya ƙware, sai ta tsaya a gwiwa, daga baya a idon sawu, har ya iya shi kaɗai. Wanke hannu da cin abinci da cokali ma haka.

Ihu da birgima kuwa, a lura da abin da ya jawo su da abin da yaron ke samu bayansu. In duk ya yi ihu ana miƙa masa waya, an koya masa ihu ke nan. Gara a koya masa nuna kofi ko hoton kofi idan ƙishirwa yake ji.

Za a ce ƙwararru kaɗan ne, ga tsada. Gaskiya ne. Amma yawancin aikin a tsakar gida ake yinsa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da iyaye su kansu. A fara da kai yaro a duba shi, har da gwajin ji. Ga asibitin Barau Dikko, ga na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a tsallaken kogi. Kunyar kada a gan ka a Barnawa ba za ta koya wa ɗanka komai ba.

Wannan horo ba ya warkar da otizim, kuma wata gaɓar sai ta ci watanni. Amma iyaye ba za su dawwama ba. Yaron da ya iya tsarki da saka kayansa tun suna raye, an rage masa wulaƙanci a hannun wasu bayan ransu.

Iyaye maza, aikin nan ba na uwa kaɗai ba ne. Allah Ya shirya mana zuri'a.