Abin da Kyamara Ba Ta Nunawa a Darasin Saitin Ƙwallo

Faɗin ƙwallon biliyad irin na Amurka, wasan da matasan Kano da Kaduna ke kira sinuka ko da yake sinuka wasa ne daban, milimita 57 ne. A wannan ɗan tsawon ne duk wahalar saiti take. Idan farar ƙwallo ta kauce da milimita ɗaya daga inda ya kamata ta daki 'yar'uwarta, wadda aka daka za ta karkace da kusan digiri ɗaya. In ramin yana nesa da mita biyu, karkacewar ta zarce santimita uku, ƙwallo ta daki leɓen rami ta dawo.

Tsohuwar dabarar da ake koya wa kowa ita ce mutum ya ƙaddara wata ƙwallo a zuci, manne da wadda yake son jefawa, a kan layin rami, sai ya aika farar zuwa gurbinta. A takarda babu aibu. A kan tebur kuwa akwai gogayya: lokacin da ƙwallaye biyu suka haɗu a karkace, farar takan ɗan ja ɗayar daga layinta, wani lokaci har digiri biyar, musamman a bugu mai sanyi. In kuma aka daki farar a gefe don ta yi juyi, tana baudewa daga layin sanda tun fitarta. Tun 1835 masanin Faransa Coriolis ya rubuta littafi a kan lissafin wannan wasa, daga baya kuma David Alciatore, a lokacin yana farfesan injiniya a Jami'ar Jihar Kolorado, ya riƙa ɗaukar bugu da kyamara mai saurin gaske yana rage gudun hoton, har ɗan koyo ya ga abin da idonsa. Irin wannan bidiyo ya cancanci lokacin mai kallo.

Akwai wani iri da ya fi shi kasuwa, mai alkawarin sirri. Fitaccensa shi ne tsarin "tsakiya zuwa gefe", wanda ake dangantawa da Hal Houle, Stan Shuffett kuma ya yaɗa shi a faifan bidiyo: a daidaita tsakiyar farar da gefen ɗayar, a ɗan juya sanda, a buga. Mabiyansa na rantsuwa da shi, kuma da yawansu gwanaye ne na gaske. Sai dai tsarin yana ba da 'yan layuka ƙididdigaggu, tebur kuwa yana zuwa da kusurwoyi marasa iyaka. Wani abu ne ke cike giɓin, kuma mafi kusa da hankali shi ne idon malamin, wanda ya ga dubban bugu, yana gyara saiti ba da saninsa ba. Amfanin tsarin na gaskiya shi ne yana tilasta wa mutum tsayuwa iri ɗaya da duba iri ɗaya kowane lokaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi aka sayar ba.

Kyamara ba ta iya ɗaukar wancan gyara. Tana tsaye a sama ko a gefe, ba a inda idon ɗan wasa yake ba. Mai tace hoto kuma yakan yanke bugun da ya kuskure. Ɗalibi ya bi umarni daki-daki, ƙwallo ta ƙi shiga, sai ya zargi kansa ya nemi faifai na biyu, alhali sau da yawa matsalarsa sandar ce ba ta tafiya a miƙe.

Malamin da ke son a yarda da shi sai ya jera bugu ashirin a kusurwoyi dabam-dabam ba tare da yanka ba, ya bar kurakuransa a ciki, ya faɗi gefen da kowace ƙwallo ta kauce da dalilinsa. Ya kuma ɗora tsarin a hannun sabon shiga, a ƙirga abin da ya jefa kafin darasi da bayansa.