Kunnenka ya fi hedfon ɗinka tsada (zare)

1/ Yau ƴan uwana masu harkar sauti zan taɓa, kuma da kaina zan fara. Shekara biyar ina zuba kuɗi a hedfon da amfilifaya daga ɗan ɗakina a Barnawa. Abin da na tsira da shi: jaka cike da wayoyi, da wata ƙara "tiiii" a kunnen hagu da ta ƙi tafiya. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsayi.

2/ Da iyafis na bakin titi na fara, irin wanda ake rataye a kasuwar Sabo. Wata rana wani abokina a Narayi ya ɗora min Sennheiser HD 600 a kai. Wallahi sai da na ji tafin makaɗi yana shafa fatar kalangu, a waƙar da na fi shekara goma ina ji. Wannan bambancin gaskiya ne, ba zan musa ba.

3/ Matsalar tana gaba. Daga tarkacen bakin titi zuwa iyafis mai kyau na dala 20 ko 50, ko kakarka za ta ji bambanci. Daga na dala 300 zuwa na 1,500 kuwa, sai ka runtse ido kana lalube. Sennheiser na da HE 1 da ya haura dala 50,000. Kuɗin gida ke nan fa. Kunnuwan dai biyu ne, irin na kowa.

4/ Ranar da na ji kunya. Na yi odar wata wayar hedfon mai tsada, ina ta cika baki wai ta "buɗe" sauti. Abokin nan nawa ya ce: "Oga, juya baya." Yana canja wayoyi biyu, tawa da ta asali, ni ina faɗin wacce ce. Sau 20 muka yi, na ci 9. Da kwabo na riƙa jefawa sama, da wataƙila na fi haka.

5/ Ba ni kaɗai ba ne. A 2007 wasu masana biyu a Amurka, Meyer da Moran, sun gwada mutane, har da masu aikin situdiyo, tsakanin sauti mai "babban inganci" da sauti irin na CD, ba tare da sun san wanne ake kunnawa ba. Gwaji 554, an dace a 276. Rabi ke nan, wato canki-canka.

6/ Don adalci: a 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara irin waɗannan gwaje-gwajen, ya samu cewa akwai ɗan bambanci, wajen kashi 52 cikin 100 ake dacewa. To ka ji. A kan wannan tazarar ce kake cinye datarka kana sauke fayil mai nauyin fim ɗin Indiya.

7/ Dalilin ba boyayye ba ne. Lafiyayyen kunnen yaro yana jin sauti daga 20Hz zuwa 20,000Hz, kuma saman yana raguwa da shekaru. CD, da Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, wanda ya isa ya kama har wajen 22,000Hz. Kai mai kurarin 192kHz, jemage ne kai?

8/ Zancen waya kuwa, a 2007 James Randi ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai iya bambance wayar sifika ta dala 7,250 da wata mai sauƙin kuɗi, ido a rufe. Ba wanda ya karɓi kuɗin. Amma har gobe za ka ga mutum a guruf yana rantsuwa wai wayar azurfa ta fi "haske". Malam, aljihunka ne ya yi haske.

9/ Ga dabarar da ya kamata kowa ya sani kafin ya shiga shago: in aka kunna ma abu biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi kunnenka zai ce ya fi daɗi. Haka aka halicce mu. Don haka in mai shago ya ce "ji wannan", duba hannunsa a kan maɓallin ƙara. In ba a daidaita ƙarar ba, babu gwajin da aka yi.

10/ Sannan me muke saurare? Shata ya rasu 1999, Ɗan Maraya Jos 2015. Da yawa daga waƙoƙinsu da ke wayoyinmu daga kaset aka kwafo, aka matse, aka tura ta Xender, aka sake turawa ta WhatsApp. Abin da ya zube a hanya ya zube. Ba na'urar da za ta dawo da shi, ko ta miliyan nawa ce.

11/ Masu Bluetooth ma ku matso. A 2021 da Apple Music ya kawo sautin da ba a matse ba, kamfanin da kansa ya ce AirPods ba sa iya ɗaukarsa ta Bluetooth. Sai an sake matse shi kafin ya iso kunnenka. Kuma ka daɗe kana jin daɗinsa a haka, ba ka taɓa lura ba. Wannan ma amsa ce.

12/ Yanzu ga inda abin ya ci ni. Manyan hedfon da ake yabo, da yawansu bayansu a buɗe yake, iska na shiga. An yi su ne don ɗaki mai tsit. Ni kuwa da an ɗauke wuta, janaretan maƙwabta uku ke tashi lokaci ɗaya. Me na yi? Na ƙara murya. Gobe na ƙara. Jibi ma haka.

13/ A hanya ma haka ne. Ka hau keke daga Television zuwa Kakuri, ga hon, ga injin, ga sifikar mai tallan magani. Don ka ji bes ɗinka sai ka kai ƙarar ƙarshe. Wayarka ta yi ma gargaɗi, ka danne ka wuce. Duk mun yi, kar wanda ya yi min fuskar salihai.

14/ Ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya: babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako. A desibel 90, awa 4 kacal a mako. A wajen 100, minti 20 ma da ƙyar. Hukumar ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Har da mu a ciki.

15/ A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi, su ke mayar da girgizar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa. Hedfon in ya lalace ka yi odar wani. Wannan kuwa babu shi a Jumia, babu shi a AliExpress.

16/ Kawuna ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da injuna ke ruri dare da rana. Yau sai ka yi masa ihu kafin ya ji. Ya ga kayana a tebur ya tambayi kuɗinsu, na faɗa. Ya yi shiru, can ya ce: "Ɗana, mu don tuwo muka kurumce. Kai kuma biya kake yi?"

17/ Maganar ta hana ni barci. Satin nan na tsallaka gada na je Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda a nan Kaduna take, mutane daga jihohi suke zuwa, mu kuma muna wucewa. Aka gwada ni. Kunnen hagu ya fara sakin manyan sautuka, waɗanda nake ta kashe kuɗi don in ji.

18/ Na san me za ku ce: "Kuɗina ne, sha'awata ce." Gaskiya ne, ba wanda ya hana. Wani ƙwallo, wani tantabara, kai sauti. Amma ka daina raina ɗalibin da ke jin daɗin Oraimo ɗinsa. Kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi, wanda ya ci bashi don hedfon ya zalunci kansa.

19/ Abin da zan gaya wa ƙanena: sayi guda ɗaya mai kyau da ke toshe kunne sosai, don hayaniya ta ragu ka rage murya. Kar ka wuce kashi 60 na ƙarar waya. Huta wa kunnenka bayan kowace awa. A wajen biki, ka yi nesa da sifika. In ka tashi kunnenka na ƙara, kashedi ne, ba gajiya ba.

20/ Kafin ka sayi na gaba kuma, nemo aboki marar tausayi irin nawa. Juya baya, a daidaita ƙara, a gwada ka sau 20. In ka ci 16 ko fiye, je ka saya, ni zan taya ka murna. In ka ci irin nawa, ka kai wa Mama kuɗin cefane.

21/ Na sayar da kusan komai, na bar hedfon ɗaya da iyafis ɗaya. Waƙa na nan da daɗinta. Ƙarar "tiiii" ma na nan, ita ce ba ta da mai saye. Masu wayar azurfa, ga fili nan a ƙasa, ku zo mu yi. Sharaɗi ɗaya: ka zo da sakamakon gwajinka, ba hoton kwali ba.