Yaron Da Ba Ya Magana Yana Da Abin Faɗa

'Yan'uwana mata, a ƙauyukanmu na Ɗambatta, Bichi da Makoɗa akwai yaran da ciwon sanƙarau ko shawara ya taɓa, baki ya ƙi buɗewa. Sai mu ce bebe ne, damina ta zo kowa ya tafi gona, a bar shi ɗaka, ƙishirwa da ciwo duk sai dai kuka.

Ma'aikatan gyaran magana na asibiti ba sa jiran baki ya buɗe. Sukan ba yaro allo mai hotuna: ruwa, tuwo, bayan gida, ciwo. Ya nuna da yatsa, ko da ido in hannu ya shanye. Wasu iyaye na tsoron allon zai hana shi magana. Binciken masana ya nuna ba ya hanawa, yakan ma taimaka.

Kada ki ce sai birni. Kwali da hotuna huɗu sun isa farawa. In za ki ba shi ruwa, nuna hoton, faɗi sunan, ki jira shi. 'Yan makaranta, ku zana wa ƙannenku. In kurma ne, gida duka a koyi maganar hannu, a kuma nemi makarantar Tudun Maliki a Kano, wadda ke karɓar kurame tun 1977.

Allah Ya ba mu haƙurin saurare, amin.