Gona Da Rumbu: Masara Ta Cinye Gonar Gero

A watan jiya mun tsaya a kan zaɓen iri, to kafin mu ci gaba sai ga wasiƙa daga wata baiwar Allah mai sana'ar koko a Nima, tana tambayar abin da ya sa gero ya fi masara tsada a kasuwa, alhali ta tashi ta tarar da gero shi ne abincin talaka. Hajiya, tambayarki ta yi kyau, amsarta kuma tana can gonakin Arewa, don haka bari mu leƙa can.

Mu mutanen zango, galibinmu ba mu riƙe fartanya, amma tukunyarmu a gona take. Koko da fura na gero ne, tuwon zafi na masara ne ko dawa, kai har jan launin nan na waakye daga karan dafi ake samunsa, shi kuma karan dafi wani irin dawa ne. Kusan duk wannan hatsi ruwan sama kaɗai ke shayar da shi. Manomin Ejura ko Techiman yana da damina 2 a shekara, in ta farko ta ƙi shi ya jira ta biyu. Manomin Tamale ko Bawku ko Wa kuwa guda ɗaya tak gare shi, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, abin da ya sauka a Tamale bai cika wuce milimita 1,100 ba, na Bawku ma bai kai haka ba. In wannan ta kuɓuce, sai baɗi.

Mutanen da sun san da haka, shi ya sa suka tsara gonarsu yadda suka tsara ta. Duk wanda ya san ƙasar Bawku da Bolga zai tuna gonar da ke kewaye da gida. Da saukar ruwa za a shuka geron nan mai saurin nuna da suke kira naara, a cuɗa shi da maiwa da dawa a gona ɗaya, daga baya a tsarma wake a tsakani. Naara ba ya cika wata 3 yake nuna, wato a ƙarshen Yuli ko cikin Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yara sun fara kwana da yunwa. Sai a girbe shi, a gasa tumu, gida ya farfaɗo. Cire shi kuma ya buɗe wa maiwa da dawa fili, su miƙe su ci marka, a yanke su a Oktoba da Nuwamba. Wake ya zo da nasa, harawa ta tafi ga dabbobi, kashin dabbobin ya dawo gona. Gona ɗaya, girbi 3 ko 4, in ɗaya ya faɗi ɗaya ya tashi.

Akwai wata hikima da Allah ya sa wa dawar gargajiya da maiwa wadda ba kowa ya lura da ita ba. Su ba kwanaki suke ƙirgawa ba, tsawon yini suke bi. Ko ka shuka da wuri ko ka makara, ba za su fid da kai ba sai yini ya fara gajarta, wato dab da ɗaukewar ruwa. Saboda haka ƙwayarsu a cikin iskar farkon hunturu take bushewa, ba ta funfuna. Mai gonar bai karanta wannan a littafi ba, kakanninsa ne suka yi ta zaɓen zangarniya shekara da shekaru har irin ya dace da ƙasarsu.

To yaya aka yi masara ta shigo ta yi kane-kane? Dattawa ba su manta da 1983 ba, shekarar fari da gobarar daji, ga kuma 'yan ƙasa wajen miliyan 1 da aka koro daga Nijeriya sun dawo sun tarar da rumbuna wayam. Bayan wannan wahala hankalin hukuma ya koma kan yadda za a ninka abinci da sauri. A 1986 shirin Sasakawa Global 2000 ya fara aiki a ƙasar nan, yana koya wa manoma shuka a layi da ingantaccen iri da takin zamani. A 1992 cibiyar binciken amfanin gona ta Kumasi ta fito da masarar nan Obatanpa, wadda sunanta da Twi ke nufin uwa mai kyakkyawan reno, tana nuna cikin kwana 105 zuwa 110. Da aka dawo da rangwamen taki a 2008, sannan shirin gwamnati na shuka don abinci da ayyukan yi ya zo a 2017, masara ce ta fi kowa cin moriya.

Kada kuma mu ga laifin manomi, don lissafinsa daidai ne. Eka ɗaya ta masara da ta sha taki tana ba da buhunan da gero ba zai taɓa kusantarsu ba. Masara tana cikin rigarta, tsuntsu bai cika damunta ba, shi kuwa gero mai saurin nuna sai an tsare shi tun asuba, yaran da ke korar tsuntsu a da yanzu suna makaranta, kuma haka ya kamata. Masara inji ke ɓare ta cikin awa guda, gero kuwa sai mata sun sha sussuka da shiƙa har hannu ya yi kanta. Ga masu kiwon kaji da masu kenke suna jira da kuɗi a hannu. Wa zai ƙi? Da haka gonar gero ta yi ta tsukewa, masu shan koko a birane kuma suna ta ƙaruwa. Hajiya, tsadar da kike gani ke nan.

Amma masara tana da wani rauni guda wanda ba a cika faɗa wa manomi ba ranar da ake ba shi iri. Furenta kashi 2 ne, namiji yana can ƙololuwa, mace kuwa ita ce gemun da ke fitowa a bakin goyo, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa. Garin furen sama yana zuba ne na kamar mako guda ya ƙare. In fari ya kama ta a wannan gaɓa, sai gemu ya yi nawar fitowa, kafin ya leƙo gari ya riga ya zube, shi ke nan sai ka ga kara tsaye kore shar, ka ɓare goyo ka tarar da totuwa mai ƙwaya tsilli-tsilli kamar bakin tsoho. Mako 2 kafin fure da mako 2 bayansa, nan ran masara yake, ruwan da ya zo daga baya ba ya gyara ɓarnar. Dawa kuwa in ta ji fari sai ta naɗe ganye ta yi likimo, saiwarta na can ƙasa tana laluben danshi, ran da ruwa ya dawo ta warware ta ci gaba. Gero ma ko uwar ta ƙone, 'ya'yan da ke gindi suna iya tasowa su yi kai.

Abin da ya faru a 2024 ke nan. Ruwa ya ɗauke a Yuli da Agusta na makonni, daidai lokacin da masarar Arewa ke shirin goyo, abin ya shafi jihohi 8, har da Bono da Oti. Kafin ƙarshen Agusta gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa waje. Wanda ya zuba gonarsa kaf a masara, ya ci bashin taki da kuɗin tarakta, ya wayi gari ba hatsi ga bashi. Kafin wannan ma an sha fama da tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta shigo Afirka ta Yamma a 2016 ta yi mana kaca-kaca a 2017. Tana taɓa dawa, amma masara ce abin marmarinta. Ga taki, wanda malaman gona ke cewa buhu 2 na kamfa da buhu 1 na gishiri a kowace eka, kowa kuma ya ga yadda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022. Masarar da ba ta sha taki ba a ƙasar da ta gaji, gara ma gero da ita.

Ba cewa nake yi gero da dawa ba su da nasu ciwon ba. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana kama saiwarsu ya tsotse, kamar yadda yake yi wa masara, ƙwayarsa kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Maganinsa shi ne a tuge shi kafin ya yi fure, a ƙara takin gida, a riƙa juya gona da waken suya ko gyaɗa ko auduga. Hatta ingantacciyar dawa ba a rasa ta da matsala ba. Kapaala da cibiyar Nyankpala ta fitar a 1996 tana da saurin nuna da farar ƙwaya, amma kanta a dunƙule yake, in aka shuka ta da wuri ta nuna cikin ruwa, sai ƙwari da funfuna su shige ta. Ita sai an ja shukarta baya kaɗan yadda nunarta za ta faɗo a ƙarshen damina.

Shawarata ga 'yan'uwanmu da ke noma a Yendi da Salaga da Walewale da sauran wurare ita ce a raba ƙafa. In kana da eka 4, ware 1 ga dawa ko gero da wake a ciki, musamman wajen tudu mai yashi ko tsakuwa inda ruwa ba ya zama. Masarar ma kada ta zama iri ɗaya da aka shuka rana ɗaya. Akwai masu gajeren zango irin su Abontem da ba ta kai wata 3 ba, a haɗa da mai dogon zango, a bar kwana 10 ko mako 2 tsakaninsu, don kada fari ɗaya ya same su duka suna fure. Kuma a daina rige-rigen shuka da yayyafin farko. Tona ƙasa, in danshi bai kai tsawon tafin hannu ba, mayar da irinka buta. Wanda ke huɗa ya riƙa datse kwarin kunya nan da can, ruwan da ya sauka ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu rafi da takinka.

Sai batun girbi, inda dukiya mai yawa ke salwanta ba a sani ba. Masara in ta nuna, ɓawo ya bushe, ka ga ɗigon baƙi a gindin ƙwaya, to a karye ta, barinta a gona sai gara da ɓeraye da ƙwari. Kada a zube ta a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta, a shimfiɗa tamfol ko a sa a kan dakali mai tsabta. A tsince masu funfuna a ware su tun kafin a kai inji. Wannan funfuna tana haifar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin, ba ta da ɗanɗano, dafuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta tana tsumburar da yara, kuma masarar da ta sha fari ta fi saurin kamuwa. Ba wa kaji ko shanun tatsa irin wannan hatsi ma ba dabara ba ce, don gubar tana biyowa ta nono. Bushewar da ake so kafin a ɗura a buhu ita ce danshi ya sauko kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da na'urar awo ya sami busasshiyar kwalba ya zuba hatsi da busasshen gishiri ya girgiza, in gishiri ya manne a jikin kwalba, a koma shanya. Gero da dawa a zangarniyarsu sun fi daɗewa, shi ya sa mutanen da ke ɗaure su dami-dami su jera a rumbu, ba a sussukawa sai za a ci.

Saura mu 'yan kasuwar zango, don mu ma da hannunmu a ciki. Manomi ba ya shuka abin da bai tabbatar da mai saye ba. Shekara da shekaru dillalanmu sun saba cike giɓin gero da wanda ke tsallako iyaka daga ƙasashen Sahel, to a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsinta sai zuwa Mali da Burkina Faso kaɗai, wannan ya isa ya nuna mana cewa ƙofar maƙwabci ba kullum take a buɗe ba. Alhazan da ke lodin hatsi a Tamale da Techiman, da ƙungiyoyin mata masu koko da fura a Kumasi da Akra, za su iya zama da manoma tun watan Afrilu a yi magana: ku shuka mana gero eka kaza, mu za mu saya. Sharaɗi ɗaya nake roƙo, a yi ciniki da farashin ranar awo. Wannan ɗabi'a ta ba manomi kuɗi a tsakiyar damina lokacin da ya matsu, a karɓe buhu a kaka da rabin kuɗinsa, ita ce ke korar samari daga gona zuwa haƙar zinariya, malamanmu kuma sun sha jan kunne a kanta.

A wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba ajiya, mu gwada rumbun ƙasa da buhun nan mai riɓi 3 da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwaro ba tare da an zuba magani ba. Mai tambaya ya aiko ta hannun edita kafin 15 ga wata.