A Riƙa Fitar Da Sakamakon Jarrabawar 'Ya'yanmu Kan Lokaci

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga malaman jami'o'inmu game da jinkirin fitar da sakamakon jarrabawar ƙarshe ta ɗalibai.

Jama'a, da yawa daga cikinmu iyaye mun ɗauka ranar da yaro ya ajiye biro, shi ke nan ya gama. To ba haka abin yake ba. Sai kowane malami ya duba takardu ya miƙa maki ga sashe, sashe ya kai wa tsangaya, daga nan majalisar malaman jami'a ta zauna ta amince. Sai bayan wannan ne za a tura sunan yaro zuwa hukumar yi wa ƙasa hidima. Ke nan idan malami ɗaya tak ya riƙe makinsa, aji guda ya shiga zaman jiran gawon shanu.

Ni ɗan tireda ne, kuma ina da ƙane da ya yi wata bakwai a gida bayan jarrabawarsa ta ƙarshe. Duk zuwan da zai yi makaranta sai a ce darasi ɗaya ne bai fito ba, ya dawo wani mako. Kuɗin motar nan kuwa daga cinikin shago yake fita. Wani uban ma buhun gero ko akuya ya sayar.

Hasarar ba ta tsaya nan ba. Rukuni-rukuni ake tafiya hidimar ƙasa, wanda sunansa bai iso ba sai ya jira na gaba, ya rasa watannin alawus ɗin da aka fara biya naira 77,000 a 2025. Sannan a dokar wannan hidima da aka kafa tun 1973, wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala karatu takardar yafewa ake ba shi, kuma a jami'o'i da dama ranar da majalisa ta amince ita ce ranar kammalawa. Yaran karkara da suka shiga boko a makare su ne abin ya fi ci. Ga masu ɗaukar aiki da ke sa iyakar shekaru, ga 'yan mata da aka ɗaga bikinsu ana jiran takarda.

Gaskiya malaman ma suna da nasu kukan. Mutum ɗaya sai a tara masa takardun ɗaruruwan ɗalibai, ga ƙarancin albashi. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, har gwamnati ta riƙe musu albashi, zangunan karatu suka hau kan juna. Amma ya malam, wannan ɗalibin ba shi ya riƙe maka albashi ba. Takardarsa amana ce a hannunka.

Don haka ina kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da shugabannin jami'o'i da su yanke wa'adi, misali mako shida bayan jarrabawa, wanda ya saɓa a tuhume shi. A riƙa liƙa maki a allon sashe da wuri, domin wanda nasa ya ɓace ya bi sawu tun takardu na kusa. Gwamnati kuma ta ƙara ɗaukar malamai, ta biya su haƙƙinsu kan kari. Mu iyaye mu daina zagin yara muna cewa faɗuwa suka yi suke ɓoyewa, mu tambaye su matakin da sakamakon ya tsaya.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa a ji, a gyara, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Kano.