Makulli a Hannunka, Gida da Sunan Wani

Tallan gidajen Dubai da harshen Hausa ya cika Facebook da TikTok, kuma abin da ke ci mini rai shi ne yawancin hotunan na makulli ne: alhaji da dillali suna musabaha, jama'a na ta Allah Ya sanya alheri. Da wuya ka ji mai tambayar takardar mallaka. Ɗan kasuwar da ya taso daga Madadi ko Getso ko Kabo, Allah Ya buɗa masa a Kantin Kwari, idan ya tashi sayen gida a waje da ɗabi'ar gida yake tafiya. A nan cinikin gona yana ƙarewa da shaidu da takardar dagaci, kuma yana tsayawa saboda gari ya san ka, ya san mahaifinka, ya san iyakar gonar. A Dubai rajistar hukuma kaɗai ce ta san ka.

Tun 2002 Dubai ta ba baƙi damar mallakar gida, amma a keɓaɓɓun unguwanni, kuma dokarta ta 2006 ta ɗora tabbatar mallaka a kan rajista a Hukumar Filaye ta Dubai, inda ake biyan kashi 4 cikin ɗari na farashi. Wanda ya sayi gidan da ba a gama ginawa ba, abin da ake ba shi shi ne Oqood, rajistar wucin gadi, takardar mallaka kuwa sai an kammala ginin. Dokar 2007 ta ce kuɗinsa su shiga asusun banki da aka ware wa aikin, don haka duk dillalin da ya ce a tura masa ta asusunsa ya riga ya kauce wa hanya. Da kasuwar gidajen ta faɗi a 2008 da 2009, ayyuka da yawa sun tsaya cak, aka soke wasu, masu saye suka shiga zaryar neman kuɗinsu.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne sayen gida da sunan ɗan ƙasa. Shekaru da yawa dokar Saudiyya ta hana baƙo sayen gida a cikin Makka da Madina, sai wasu suka riƙa saye da sunan aminin da ke da takardar ƙasar. Sabuwar dokar da Saudiyya ta amince da ita a 2025 ta buɗe ƙofa da sharuɗɗa, amma ba za ta mayar da sunanka kan takardar da ke ɗauke da sunan wani ba. A Ghana kundin tsarin mulkin 1992 ya taƙaita baƙo ga hayar ƙasa ta shekara 50. A can ne kuma gwamnatin Busia, a Nuwamba 1969, ta ba baƙi marasa takardar zama mako 2 su fice, mutane suka bar gidaje da shaguna, wasu suka sayar a wulaƙance.

Za a ce ai akwai amana tsakanin Musulmi. Akwai, amma addinin da ya koya mana amana shi ne ya yi umarni, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, a rubuta bashi a kafa shaidu. Amini yana mutuwa, 'ya'yansa su tarar da gida da sunan ubansu, alƙalin can ya raba musu gado bisa abin da ya gani a rajista, naka marayun kuwa ko biza ba lallai su samu ba, balle lauya. Mai kukan tsadar rajista ya auna kashi 4 da asarar gidan ɗungurungum. Na san akwai masu gudun sunansu da gangan: a 2020 Matthew Page na cibiyar Carnegie ya gano gidaje 800 a Dubai, na kimanin dala miliyan 400, masu alaƙa da manyan 'yan siyasa da jami'an Najeriya da makusantansu. Mai ɓoye dukiyar jama'a yana da dalilin laɓewa bayan ɗan'uwa ko kamfani. Mai kuɗin halal da ya kwaikwaye shi, ko ya ɓoye wa matansa da 'ya'yansa inda takarda take, zalunci ya shirya wa magadansa, ko da yana sahun farko a masallaci.

Mu dawo gida Najeriya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da takardar haƙƙin zama na gargajiya a kan filayen karkara. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin Farfesa Akin Mabogunje a 2009 don gyara harkar filaye, amma ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙasar Najeriya ke da rajista. Wanda bai saba karɓar takardar hukuma kan gonar ubansa ba, ba zai tsaya kai da fata sai ya karɓe ta a ƙasar wani ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su buɗe littafin rajista a kowace gunduma, su sanar da kuɗin a fili, su fara da gonakin gado da ake shari'a a kansu yanzu haka.